Ɗumin da Na Jingina da Shi

Sunana Mutari, haifaffen Belbeji. Duk wanda ya san ni a Damargu ya san ni da littafi a aljihu, kuma ba na makaranta ba. Ƙananan littattafan soyayya nake nufi, waɗanda direbobin Kano suke kawowa kasuwar Tanut cikin kwali, bangonsu da hoton yarinya ta dafa kunci tana kallon nesa. A cikinsu na koyi rubuta wasiƙa, na koyi cewa namiji yakan tafi ƙasa mai nisa ya sha wuya ya dawo da abin da zai sa a ba shi wadda yake so. Babu littafin da ya gaya mini cewa mutum yana iya dawowa da abin da ido ba ya gani, har nasa idon.

Saboda Barira na tafi. Ungozoma ce a wani ɗakin haihuwa na karkara cikin kwarin Tarka, mace mai gajeren zance da hannu mai sanyi. An sa mana rana, za a ɗaura bayan dawowata. Ni kuwa tun kafin a kai goro na riga na raɗa wa ƴaƴanmu suna: Habibu, sai Nana, sai wani na uku da nake canja masa suna duk mako. Barira takan yi dariya ta ce, “Mushe, bari su zo tukuna, su ma a ji ta bakinsu.” Mushe take kirana, yadda ake kiran malamin boko a wurinmu, domin ina koyar da kimiyya a kwaleji a Tanut. Daga can ne na samu gurbin horo na wata tara a wata ƙasa ta gabashin Turai, wadda ba zan kama sunanta ba, domin in koyi aiki da injin elektaron. Na lissafa abin a raina kamar babi: in tafi, in dawo da takarda, a ɗaura aure, Habibu ya iso.

Ba zan tsaya kan ban kwana ba. Jirgin sama biyu, sannan jirgin ƙasa na yini guda cikin dazuzzukan da itatuwansu suka tsaya tsirara kamar an yi musu gobara. A jirgin ƙasan wata tsohuwa ta zauna tana fuskantata, ta yi ta kallon hannayena da nake cusawa a hammata. Ba mu da harshe ɗaya. Da za ta sauka sai ta cire safar hannunta ta ulu ta ajiye mini a gwiwa, ta buga kafaɗata sau biyu, ta fice. Na yi ta neman kalmar godiya har jirgin ya tashi. Safar ta yi mini kaɗan, amma da ita na yi sanyin nan duka.

Garin da aka kai ni ƙarami ne, hayaƙi a samansa, rana kuwa takan leƙo kamar baƙuwar da ba ta son a gan ta. Mai gidan da na kama haya ya kai ni ɗaki ya ɗora tafina a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, na ji shi da zafi har na janye hannu. Ya yi murmushi, na sa hannu a takarda. Wannan ce rana ta farko kuma ta ƙarshe da ƙarfen nan ya yi zafi. Duk lokacin da na buga masa ƙofa sai ya ɗaga kafaɗa ya nuna sama, ban sani ba ko Allah yake nufi ko maƙwabcin bene. Mu ma muna da sanyi a Damargu, amma namu yana jin kunyar rana, hantsi na yi zai ja da baya. Wannan ba ya ja. Yana shiga ƙashi ya shimfiɗa tabarma.

Injin yana cikin wani gini marar taga, kaurin bangonsa ya fi tsawon mutum. Aikinsa shi ne ya ɗauki elektaron, ƙwayar nan ta lantarki da ƙanƙantarta ta wuce misali, ya yi ta tunkuɗa ta cikin dogon bututun da aka zuƙe wa iska, har gudunta ya kusa kama na haske. A ƙarshen bututun akwai ƙaton maganaɗisu da yake lanƙwasa mata hanya ya juyo da ita ƙasa, ta zubo kamar yayyafi a kan kwalayen da suke wucewa bisa bel mai jan kaya. Cikin kwalayen akwai safar likita, allurai, bandeji. Duk ƙwayar cutar da ke ciki sai ta mutu ba tare da an buɗe kwali ba. Ranar da na gane cewa irin safar da Barira take sawa ta karɓi jariri ta nan take bi, sai na ji injin ya zama ɗan uwana. Har na fara mafarkin ranar da za a kafa irinsa a Damagaram, a riƙa wucewa da buhunan wakenmu ƙwari su mutu.

Mutum biyu ne suke riƙe da mu, mu ɗalibai shida daga ƙasashe dabam-dabam. Madam Vera tsohuwar malama ce, siririya, tana zuwa daga babban birni sau biyu a mako, kuma Faransancinta ya fi nawa. Anton shi ne shef, wato shugaban masu aikin injin, ƙato mai jan wuya, Faransancinsa guntu-guntu. Tun ranar farko ya kasa kiran sunana ya sa mini Sahara.

A darasi na biyu Madam Vera ta tsaya gaban allo ta ce, “Elektaron ba ya iya wuce gudun haske. To idan ya kusa kaiwa can, mu kuma muna ci gaba da tura shi, ina ƙarfin da muke zuba masa yake tafiya?”

Muka dubi juna.

“Yana zama nauyi,” ta ce. “Wanda ya fito daga injinmu ya ninka wanda ya shiga wajen sau ashirin. Ƙarfi da nauyi abu ɗaya ne mai riga biyu. Ba a ƙirƙirarsa, kuma ba ya ɓacewa. In kuka ga ya ragu a wani wuri, kada ku zauna. Ku tashi ku nemo inda ya tafi.”

Ni da na kamata in rubuta lissafi, sai na rubuta wa Barira shafi biyu. Na ce mata son da nake yi mata ya kai iyakar gudu, yanzu duk abin da ya ƙaru nauyi yake zama a ƙirjina. Ta aiko da murya ta daƙiƙa biyar: “Mushe, ka ci abinci kuwa?”

An ba kowannenmu wata ƴar aba kamar gidan ashana, ana maƙala ta a ƙirjin rigar aiki. Dozimeta sunanta, ni na sa mata layar Turawa. Ita take tattara duk hasken nan marar ganuwa da ya taɓa jikin mutum, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a ƙarshen wata a karanta. Doka ta farko a gidan: kada ka taka ko'ina cikin ginin ba tare da ita ba.

A mako na uku Anton ya same ni a makewayi na ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu ina alwala. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

“Sahara! Nan ba rijiyar raƙuma ba ce!”

Ya kira wasu biyu suka zo suka kalla. Ba su zage ni ba, dariya kawai suka yi, amma na fita ƙafata tana ɗiga, kunnuwana suna zafi. Daga ranar na ƙudura ba zan sake tambayar kowa wurin salla ba, zan nemo da kaina inda ido ba ya kaiwa.

Na same shi a bayan zauren injin, in ka sauka matakala bakwai. Ƙofa ce mai ruwan toka da rubutu a harshensu, wanda ban iya karantawa ba kuma ban tambaya ba. Ciki ɗan ɗaki ne, bututun ruwa uku sun fito ta wani rami a jikin katangar nan mai kauri, daidai ƙugun mutum in yana zaune. Biyu sanyi ƙalau. Na ukun kuwa, da na taɓa shi, sai da hawaye ya zo mini. Ɗumi ne irin na yashin Tenhya, garin kakana, bayan la'asar, irin na cikin tunkiya in ka jingina da ita da asuba. Wata guda ban ji ɗumi irin wannan ba.

Nan ya zama masallacina da ɗakin karatuna. Azahar da la'asar a can nake yi, hutun cin abinci ma a can. In na sallame sai in zauna in manna bayana da bututun, in buɗe littafi, ko in rubuta wa Barira. Kuma ba na shiga da rigar aiki. Mahaifina ya tarbiyyantar da mu cewa ba a tsayawa gaban Ubangiji da rigar da aka shiga makewayi da ita aka goga ta da dattin aiki. Sai in rataye ta a ƙusa a ɗakin canja kaya, in zura farar jallabiyata, in sauka. Layar Turawa tana can maƙale a ƙirjin rigar, tana gadin ƙusa.

Duk ƙarshen wata in an karanta, tawa ce ta fi ta kowa tsabta. Madam Vera har ta nuna ni a gaban ɗalibai ta ce, “Ku yi koyi da Mushe Mutari.” Na sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Haka na yi wata huɗu.

A wata na biyar ta ba mu aiki: kowa ya bi sawun ƙarfin injin daga inda ya shiga har inda ya fita, ya nuna cewa babu abin da ya ɓata. Akwai ma'auni biyu, ɗaya kafin maganaɗisun lanƙwasa, ɗaya a bakin fita. Sauran ɗaliban suka kwafi alƙaluman daga takardar da Anton yake cikewa. Ni kuwa ranar da na je neman takardar, Anton ya tafi cire haƙori, sai na karanta daga fuskar ma'aunan da kaina. Abin da ya shiga lanƙwasar ya fi abin da ya fito. Kusan ɗaya cikin goma babu shi.

Washegari na nuna masa. Ko kallon takardar bai yi ba.

“Ma'auni na biyu tsoho ne kamar surukata,” ya ce, “ƙarya yake yi. Na rage gudun bel, kaya suna samun rabonsu, kowa yana murna. Je ka sha shayi, Sahara.”

Na tafi, amma maganar ta bi ni. In ma'aunin ƙarya yake yi, ai kayan suna samun rabonsu cikakke tun farko. Me ya sa sai an rage gudun bel? Na tuna kakana na wajen uwa, makiyayi a Tenhya. In tumakinsa goma suka shiga bayan tudu tara suka fito, ba ya cewa idonsa ne ya tsufa. Sanda yake ɗauka.

A bangon ofis akwai zanen ginin. Na sa yatsa a kan maganaɗisun lanƙwasa, na bi layin ruwan da yake sanyaya wurin. Layin ya ratsa katanga, ya sauka matakala bakwai.

Na daɗe tsaye a gaban zanen nan. Abin da Madam Vera ta koya mana ya riƙa jeruwa a kaina ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na kira shi ba. Elektaron da ya kauce hanya ya daki ƙarfe, da nauyin nan nasa ninki ashirin, tsayawa yake yi nan take. Ƙarfinsa ba ya ɓacewa. Wani ya zama zafi, ruwa ya kwashe shi ya fito da shi ta bututu. Wani ya zama hasken nan mai ratsa nama, shi kuma ba ya bukatar bututu, rami kawai yake nema. Bututun da ya kamata ya fi sauran sanyi, domin babu abin da ya kamata ya taɓa wurin, shi ne mai ɗumi. Na tuna ranakun Litinin da ake kashe injin domin gyara, yadda nakan sauka in tarar da shi sanyi in yi tsaki.

Ba a tsallake babba a je wa na sama da shi, haka aka koya mana. Don haka Anton na koma wa. Na same shi shi kaɗai, na gaya masa komai. Jan wuyansa ya koma fari. Ya rufe ƙofa.

“Ina dozimetarka take lokacin?”

“Tana jikin rigar aiki, a ƙusa,” na ce.

“To ka ji,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ka shiga inda aka rubuta kada a shiga in injin yana aiki. Ka shiga ba dozimeta. In ka buɗe baki, jirgi za a sa ka, babu takarda. Wata nawa ya rage maka? Ka daina sauka can, shi ke nan. Zan sa kwaɗo. In bazara ta zo zan gyara. Dube ka, ƙato lafiyayye. Kana da mata a gida?”

“An sa rana.”

“To ka koma mata da takarda, kada ka koma mata da labari.”

Kwana tara na yi da maganar nan a cikina. Kowace safiya sai in duba matajina ko gashi ya zube, in duba dasashina a madubi, in matsa cinyata in ga ko jini zai taru. Babu komai. Rashin komai ɗin ne ya fi tsorata ni, domin na san abin ba ya sallama in zai shiga, ba ya kuma ban kwana. In na wuce saman matakalar nan sai in ji ƙuguna yana tsuwa, ko da yake na san zuciyata ce. Littattafaina suna kan tebur na kasa buɗe ko ɗaya. A cikinsu maƙiyi yana da fuska, yana da gidan da za a je a same shi.

Barira takan kira ranar Juma'a. “Kana lafiya?” Ina cewa lafiya lau. A rana ta tara ta aiko da murya, na buɗe a tashar bas da hantsi. Kukan jariri ne, sabo, mai kaifi, sannan dariyarta a bayansa: “Mushe, ka ji wannan? Yanzu ya iso, namiji. Na ce masa ya riƙe wa Habibunka wuri a makaranta.”

Bas ya zo ya tafi ina tsaye. Takarda za ta sa a ɗaura aure, amma ba za ta gaya mini abin da nake shirin kai wa yarinyar nan gida ba. Ranar Madam Vera tana gari. Na same ta tana cin tuffa a ofis.

Ba ta katse ni ba har na gama. Ta ajiye tuffar, ta ɗauko wani ma'auni mai hannu kamar tocila, ta sa Anton ya cire kwaɗon yana gunaguni. Injin yana aiki. A saman matakala sautin ma'aunin yana ɗiga ɗaya-ɗaya, kamar farkon ruwa a kan kwano. A mataki na huɗu ɗigon ya yi yawa. Da ta tura ƙofar ta miƙa hannu wajen ramin, sai ya ɓarke gaba ɗaya, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ka jin tsakanin ɗigo da ɗigo. Ta fizgo hannun rigata, tsohuwar nan da ban zaci tana da ƙarfi ba, ta ja ni sama. Ta daki jan maɓallin da ke bango. Ƙugin injin da na saba ji har na daina jinsa ya mutu, ginin ya yi tsit.

“Minti nawa a rana?” ta ce. “Kwana nawa? Yaya kake zama? Nuna mini.”

Na zauna a ƙasan baranda na jingina da bango kamar yadda na saba, gwiwoyi a ɗage. Ta dubi inda ƙuguna yake, ta dubi tsayin da ramin yake, ta rubuta wani abu. Na fi son da ta zage ni.

Zango na gaba asibiti ne a babban birni. An ɗebi jinina sau uku. Sannan aka miƙo mini ɗan kofi aka nuna mini wani ɗaki, kuma Madam Vera, sa'ar mahaifiyata, ita ce take fassara mini abin da ake so in yi. Ta kalli taga tana magana, ni na kalli takalmina. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ganin alheri irin nata ba, domin da na fito ta yi kamar ba ta san inda na shiga ba, ta miƙo mini shayi a kofin takarda.

Mako uku muka jira. Likitan mace ce mai tabarau. Ta ce abin da na sha ba zai kwantar da ni yau ko gobe ba. Ta ce sai na riƙa zuwa ana duba jinina duk shekara har iyakar rayuwata, domin irin wannan yakan yi shiru shekaru kafin ya yi magana, wani lokaci kuma ba ya magana sam. Sannan ta juya takarda ta biyu. Irin haihuwata ya ragu ƙwarai, kusan babu. Wurin da na manna wa bututun shi ne wurin da ya fi ko'ina rauni. Ta ce sau da yawa yana dawowa, bayan shekara ɗaya, ko biyu, ko fiye.

“Sau da yawa,” na ce. “Ba kullum ba?”

Madam Vera ta fassara. Likitan ta cire tabarau ta ce wani abu gajere.

“Ta ce ba ta sayar da alkawari,” in ji Madam Vera.

Masu bincike sun zo, an rufe injin, ban sake ganin Anton ba. Ni an rubuta mini gargaɗi, an hana ni kusantar zauren, na ƙarasa horon a kan tebur. Madam Vera ta tsaya kai da fata sai da aka ba ni takardata. Duk tsawon watannin nan Barira tana kira ranar Juma'a ina cewa lafiya lau.

Na sauka Yamai da takardu biyu, ɗaya mai hatimin zinariya, ɗaya a ninke huɗu cikin aljihun ƙirji. Daga Damagaram zuwa Tanut damina ta fara, gero ya kai idon sawu, ƙasa tana ƙamshi. A Belbeji aka yi guɗa, aka zagaya da mai hatimin gida-gida. Kwana biyu bayan haka na hau babur zuwa Tarka.

Na tarar da ita da azahar tana wanke hannu a bakin randa. Na shirya jawabi tun daga jirgi, mai kyau, har da wata da taurari a ciki. Da ta ɗago ta dube ni sai jawabin ya watse. Na miƙa mata takardar kawai.

Ta karanta a tsaye, irin karatun ma'aikaciyar lafiya, yatsa yana bin layi. Ta koma farko ta sake. Ta dubi kwanan watan da ke sama.

“Wannan tun watan azumi ne.”

“E.”

“Juma'a nawa ke nan kana ce mini lafiya lau?”

Ta ninke takardar yadda take, ta zauna a kan benci, ta daɗe tana kallon wata akuya da ke cin takarda a bakin danga.

“Ka san abin da nake gani a ɗakin nan?” ta ce. “Mace ta shekara biyu ba ciki, a kawo ta nan, a kai ta wurin malam, a kai ta wurin mai saiwa. Ban taɓa ganin an kawo mijin ba. Ko sau ɗaya.”

“Barira, in kin ce a fasa, wallahi ba zan...”

“Rufe mini baki da zancen littafi, Mushe. Ban ce a fasa ba. Ƙaryar Juma'a kuwa ban yafe ba tukuna, wannan sai na ga dama.” Ta miƙo mini takardar. “Aure za a ɗaura. Haihuwa ta Allah ce, na fi ka sani, a hannuna ake yin ta. Amma ranar da aka fara tambaya, ni za a tambaya, ba kai ba. Ranar nan kai za ka tashi ka faɗa da bakinka. In ba za ka iya ba, gaya mini yanzu, tun ina gidan ubana.”

Na ce zan iya. Faɗar ta yi sauƙi.

An ɗaura aure bayan girbi. Na yi niyyar gaya wa Inna, mahaifiyata, tun a makon farko. Sai na ce bari a gama biki. Sai na ce bari in je Damagaram a sake gwaji, wataƙila ma ba sai an faɗa ba. Gwajin ya nuna ɗan ƙari, kaɗan, bai kai a yi murna ba. Sai na ce bari na gaba. Barira ba ta tuna mini ko sau ɗaya ba. Tana dai kallona wani lokaci in mata sun zo gaisuwa idonsu ya sauka kan cikinta kafin ya hau fuskarta.

Wata goma sha huɗu da aurenmu matar ƙanena ta haihu. Ranar suna da hantsi na shiga cikin gida in karɓo wa maza goro. Tsakar gida cike da mata, ana ta tuƙin tuwo. Gwaggo Ladi, yayar mahaifina, wadda ko liman yana sassauta murya in tana wuri, ta kira Barira ta zaunar da ita a gabanta. Ta fito da wata kwalba daga jaka, ruwan ciki baƙi-baƙi da saiwoyi.

“Ƙanin miji ya riga miji,” ta ce da ƙarfi, domin kowa ya ji. “Ke mai karɓar na mutane, naki fa? Ungo. Daga Tenhya na sa aka kawo. Safe da yamma, kwana arba'in. Mahaifa ce ta yi sanyi.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya sa a dace. Barira ta karɓi kwalbar da hannu biyu kamar yadda ya kamata. Ta ɗago kai ta dube ni ta saman kawunan mata, ni ina tsaye da farantin goro.

Ƙafafuna suka ce in fita, ƙofa tana nan kusa. Na ajiye farantin a kan turmi. Na ratsa tsakanin tabarmi, inda namiji ba ya ratsawa, na durƙusa gaban Gwaggo.

“Gwaggo, ba ita ba ce.”

“Me ka ce, ɗan nan?”

“Barira lafiyarta ƙalau. Ni ne. A can Turai na samu lalura wurin aiki, likita ya rubuta, takardar tana ɗakina. Ta sani tun kafin a ɗaura, ta kuma yarda ta zo. In akwai mai shan magani a gidan nan, ni ne.”

Muciya ta tsaya a cikin tukunya. Wata ta ce innalillahi a hankali. Gwaggo ta buɗe baki ta rufe, karo na farko a rayuwata. Ban iya duban Inna ba, amma na ji tashinta, na ji takunta har ta tsaya a kaina. Na jira kuka, ko faɗa.

Ba ni ta yi wa magana ba. Ta sunkuya ta zare kwalbar daga hannun Barira, ta dangwara mini ita a cinya. Sannan ta kama hannun surukarta ta tashe ta daga gaban Gwaggo, ta kai ta kan tabarmarta ta zaunar da ita a gefenta.

“Ku zuba wa ɗiyata tuwo,” ta ce. “Tun safe take tsaye.”